Ƙudajen Bayan Shagon Issifu

Issifu mahauci ne. Daga zangon Kumasi ya zo Manchester tun yana saurayi, ya yi wa mutane aiki har ya buɗe ɗan shagon nama a unguwar Gorton. Mutum ne mai tsabta, ba ya tashi sai ya wanke katakon sara da ruwan zafi.

Da aka shiga shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, motar shara ta rage zuwa lungunsu. Zafi na shigowa ƙudaje suka cika bayan shagon. Kullum kafin ya fito da nama sai ya rufe ƙofa ya fesa magani, yana tsaye cikin warin. Ƙudajen suka saba da maganin, shi kuma ya ƙara yawan feshin. Dama yana da asma, sai tari ya kama shi.

'Yarsa Kulsum tana bincike a jami'a a Birmingham kan wata funfuna da ke kama ƙuda, ta tsiro a jikinsa har ta kashe shi. Da ta zo hutu ta ji tarin, sai ta shafa funfunar a ƙyallaye ta rataye kusa da shara.

"Baba, ka ajiye feshin nan. Wannan ba ta taɓa ƙirji."

"Funfuna? Irin ta burodi?"

"Danginta ce. Amma sai an yi haƙuri, tana ɗaukar kwanaki."

Ya yi haƙurin, don yana alfahari da ita. Amma wata mai sayen nama ta ga ƙuda a kan gilashi, ta ajiye ledarta ta fita. Washegari ya koma feshi, bai gaya wa Kulsum ba.

Da sanyi ya shigo numfashinsa ya tsananta, likitan unguwa ya tura shi asibiti. A lokacin ne kuma aka dakatar da binciken su Kulsum, aka ce babu tallafi. Ta kwashe kayanta daga unguwar Selly Oak ta Birmingham ta dawo jinya.

Wata rana ya zare abin numfashi ya tambaye ta, "Aikinki fa?"

"Yana nan, Baba."

"To ki koma. Kar ki zauna nan saboda ni."

Ta gyara masa bargo.

Ya rasu kafin azumi. 'Yan zango suka cika masallaci, har da waɗanda ya ɗauka aiki lokacin da suka sauka ba su san kowa ba. Shagon yanzu na gyaran waya ne. Kulsum tana aiki a wani kantin magani a unguwar Handsworth ta Birmingham, ba ta koma binciken ba.