Littattafan da Na Zo da Su Sandamu

Ina da shekara tara aka kawo ni Sandamu a bayan motar ɗaukar kaya, ni da mahaifiyata da wasu mutanen da ban sani ba. Umma ta zo da zanen da ke jikinta. Ni kuma da kayan makaranta, shuɗiyar riga mai farin wuya, da jakata a baya. Shekarar da aka fara maganar shari'a ce, rikici ya ɓarke a Kaduna. Babanmu ma'aikacin masaƙa ne a can. Ya fita aiki da safe, ba a sake ganinsa ba sai a cikin waɗanda aka jera za a yi wa salla. Gidan hayar da muke ciki ya ƙone ƙurmus. Jakar ta tsira ne kawai don ina makaranta lokacin da abin ya fara.

Makarantar ta Kiristoci ce, a bayan wani coci, gida huɗu tsakaninta da namu. Baba ya sa ni a can saboda kusa ce, kuma malamanta suna shiga aji. Ya ce in suna addu'arsu in yi shiru, da yamma kuma in wuce Islamiyya. A haka na kai aji huɗu.

Da muka iso, Umma ta shiga takaba, ba ta fitowa sai alwala. Masu zuwa gaisuwa su dafa kaina su ce, "Allah sarki, marainiya." Ban yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, kukan ne babu shi. In an ba ni abinci in ci, ban san ko da gishiri ba. Nakan zauna a gindin katanga har inuwa ta gudu ta bar ni a rana, sai wani ya ce in matsa, in matsa. Magana ma ta ƙare mini, daga i sai a'a.

Kakata, mahaifiyar Baba, Iya muke ce mata. Sunanta aka sa mini, Sa'adatu, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. Sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli. Bayan magariba, in zafi ya sauka, take suyar gyaɗar gobe a murhunta da ke gefen rumbu. Jikokin gidan sukan kewaye ta, ana satar gyaɗa mai zafi ana hura yatsu, ita kuma tana juyawa da ludayi tana ba su tatsuniya. Ni aikina iza wuta. Ita ta ba ni aikin, ina jin don in riƙa zama kusa da ita. Ina jin muryarta kamar yadda ake jin rediyon maƙwabta.

Wata yamma Baffa Idi, ƙanen Baba, ya buɗe jakata yana neman katin sakamakona don ya kai ni firamaren garin. Dillalin tumaki ne, yana bin kasuwanni har Mashi. Shi ne ya je Kaduna ya duba gawarwaki ɗaya bayan ɗaya har ya gane yayansa, kuma tun da ya dawo ba a ga haƙorinsa ba. Ya zaro littattafan rubutuna guda bakwai, ya ga tambarin makarantar a bangon kowanne, da alamar gicciye a tsakiya. Ya kawo su gaban murhu ya zube.

"Iya, kin san abin da ke kwana a gidan nan? Kayan mutanen da suka kashe Yaya. Wallahi yau wuta za su ci."

Iya ba ta daina juya gyaɗa ba. Ta ce, "Ka karanta su?"

"Ba sai na karanta ba."

"Kai da kake dillali, ka taɓa sayen rago ba ka buɗe bakinsa ba? Ni ban iya boko ba. Ka bar Takwara ta faɗa mini abin da ke ciki, ɗaya kowace yamma. In mun gama, wanda ya cancanci wuta, ga wuta nan, ba gudu za ta yi ba."

Baffa ya juya ya fita. Ni ina zaune da kara a hannu. Da ya ƙona su a lokacin, ba na jin zan ce uffan.

Da lissafi muka fara. Iya ta ce in karanta, na karanta da murya ƙasa-ƙasa, ta ce ba ta ji, na ƙara. Na nuna mata inda aka koya mana rabi da kwata da kashi ɗaya cikin uku. Ta ɗauko ƙuliƙuli ta karya biyu, ta sake karyawa, ta ce, "Wannan kenan? Ai na san shi tun ba a haifi ubanki ba. Ban dai san ana rubuta shi ba." Washegari Turanci. Ta sa ni in faɗi sunan tukunya da tsintsiya da akuya, tana maimaitawa tana karkace baki, yara na faɗuwa don dariya.

Littafin kimiyya ya fi ɗaukar mu lokaci. Na gaya mata yadda muka sa ƙwayar wake a gwangwani da jiƙaƙƙiyar auduga muka ajiye a taga, kullum muna zana yadda saiwa ke fita kafin ganye. Na gaya mata rana na ɗaukar ruwa ya tashi sama ya zama girgije ya dawo. Ta dubi tururin da ke tashi daga tukunyarta ta ce, "Wato ni ce ke aika wa damina kaya? To a gaya wa manoman Sandamu su zo su yi godiya." A littafin zaman jama'a akwai taswirar ƙasa da na kwafa da fensir mai launi, da koguna biyu da suka haɗu. Na nuna mata Daura can sama, dab da iyaka. Ta ce ina Sandamu, na ce babu. Ta ce wanda ya zana bai taɓa cin ƙuliƙulinta ba ne. Sai na kiwon lafiya, da wanke hannu, da sauro, da ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa. Wannan ta sa na maimaita mata awon sau uku, ta kira matar Baffa ta ce ta zo ta ji. Na zane kuwa, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce raƙumina ya fi kama da jaki mai ƙari.

Ban ce na ji daɗin waɗannan ranakun ba. Abin da na sani, bakina ya buɗe, kalmomi suna fita. Baffa kuma yakan zauna a bakin zaure da carbinsa, bayansa gare mu, amma ba ya tashi sai mun rufe littafi.

Na bakwai shi ne na darasin addininsu. Na karanta mata labarin Yusufu da 'yan'uwansa da rijiya, ta ce, "Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata gare shi. Wannan namu ne da su." Haka na Nuhu da jirgi. Da na zo inda aka rubuta abin da suke faɗa game da Annabi Isa, sai ta ɗaga hannu. "Tsaya nan. A nan hanya ta rabu. Wannan nasu ne, ba namu ba, kin ji ko?" Na ce na ji, Baba ma haka ya ce.

Ta karɓi littafin ta kanga shi da hasken wuta. "Wannan jan rubutun da ke ko'ina, na wane ne?"

Na ce na Malama Rifkatu ne, malamar ajinmu. Sai na ji ina ba da labarin da ban ba kowa ba, har Umma. Ranar da aka fara rikicin, iyaye suka zo suka kwashe 'ya'yansu, muka rage mu uku Musulmi. Malama Rifkatu ta bi da mu ta bayan coci zuwa ɗakinta. Ta ce in an tambaye ni sunana in ce Saratu. Wasu maza suka zo da sanduna suka buga ƙofa, ta fita ta tsaya a bakin ƙofar ta ce mu 'ya'yan yayarta ne. Kwana uku muna ɗakin, tana dafa mana doya, har sojoji suka zo suka kai mu bariki, inda na sami Umma. Na faɗe shi ne yadda na faɗi awon gishiri da sukari.

Gyaɗa ta fara ƙauri, Iya ta sauke kaskon. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri." Yara suka ce ta iso.

Ta ce a wani gari an yi ruwa kwana bakwai ba ɗaukewa, har wuta ta mutu a kowane murhu, kuma zamanin babu ashana. Yara na kukan yunwa. A ƙetaren kogi akwai wani gari da suka taɓa yin yaƙi da shi, ba a auratayya, ba a gaisawa, amma ga hayaƙi can yana tashi. Maza suka ce gara su ci ɗanyen gero da su roƙi wutar waɗancan. Sai wata yarinya ta sulale ta shiga ruwa ta ƙetare. Ta tarar da wata tsohuwa a bakin murhu. Tsohuwar ba ta tambaye ta 'yar wace ce ba, ta zuba mata garwashi a ɗan kasko ta ce ta yi sauri. A tsakiyar kogi santsi ya kwashe ta, kaskon ya suɓuce, ta cafe garwashi ɗaya da tafin hannunta ta dunƙule, ta ɗaga hannun sama har ta fita. Da ta iso gida maza suka taru suna gardama, ko ya halatta a yi girki da wutar abokan gaba. Suna cikin gardamar uwar yarinyar ta karɓa ta hura, maƙwabta suka ɗiba, tuwo ya nuna a gari duka. Masu gardama suka ci har da neman ƙari, babu wanda ya ji ɗanɗanon ƙetare a bakinsa. Sai da kowa ya ƙoshi aka wanke kwanuka, sannan yarinyar ta buɗe hannunta, ta ga abin da ya same shi, ta ƙwalla ƙara har aka ji a ɗaya garin.

"Ta ƙare a nan," in ji Iya, "kan ɓera ya tsira, don ba ni da lokacinsa."

Wata 'yar Baffa ta ce, "Iya, me ya sa ba ta ji zafin ba tun a hanya?"

"Da ta ji ai da ta yar. Zafi yana da kunya. Yakan jira a sauke kaya."

Baffa ya taso daga bakin zaure. Iya ta miƙa masa na bakwai ɗin ta ce, "Wannan ɗaya ka yi yadda ka ga dama. Shidan na Takwara ne, da su za ta shiga makaranta." Ya karɓa ya tsaya yana kallon bangon. Baba ne yake rubuta mini sunana da ajina a bangon kowane littafi, da irin rubutunsa mai kwanciya gefe. Baffa ya daɗe yana kallo. Sannan ya yage bangon a hankali, ya ninke shi ya sa a aljihun rigarsa, ya jefa sauran a murhu. Na ga takardun sun naɗe sun yi baƙi. Na sa kara na tura wadda ta faɗo gefe, don aikina ne iza wuta.

Da safe shi da kansa ya ɗora ni a kan babur ya kai ni makaranta. Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Sau ɗaya kawai, bayan shekaru, ya tambaye ni ko na san garin su malamar nan. Ban sani ba. Har yau ban sani ba, ban kuma san ko tana raye ba.

Na yi karatu, na zama malamar firamare a Daura. Shekaru da yawa ina ɗauka Baffa ne Iya ta yi wa tatsuniyar nan, don ya gane ilimi ba ya ɗaukar ƙamshin gidan da aka ɗebo shi. Haka nake fassara ta in na ba ɗalibaina. Iya ta rasu ina aji biyu a kwaleji, na yi mata addu'a, na taya wanke-wanke, idona a bushe. Mutane suna cewa ina da tawakkali, ni kuwa na san ba shi ba ne.

Sai wata safiya, ba ranar komai ba. Maigidana zai fita aiki, ya ce mana sai ya dawo. 'Yata, mai shekara tara a lokacin, tana shan koko, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce a dawo lafiya da baki cike. Nan take na tuna ni ma ban ɗago ba safiyar da Baba ya fita aiki bai dawo ba. Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ya firgita yarinyar, har maƙwabciya ta shigo tana tambayar wa ya rasu. Na ce mata babana. Ta ce yaushe, na ce tun ina shekara tara.

Da na natsu, Iya ce ta faɗo mini a rai. Ɗanta na fari aka kashe, ba ta ga gawarsa ba, kuma a duk watannin nan ban taɓa ganin hawayenta ba. Tana suya, tana karkace baki da Turanci, tana raba ni da Baffa ba tare da ta ɓata wa ɗayanmu ba. Na zauna kusa da ita kowace yamma ina iza mata wuta, amma ban taɓa tambaya ba, ko a zuciyata, yaushe ita ta samu ta buɗe nata hannun.