Daga Karshi zuwa Apo Neman Akwatin Burodin Baba

Ana idar da sallar asuba muka fita daga Karshi, ni da babbar 'yata, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Abin da ya fitar da mu zai ba wasu dariya: akwatin ajiye burodi muke nema, irin na da.

Mahaifina ya yi aikin kuku a gidajen Turawa a Jos tun yana saurayi. Yanzu ya tsufa, yana wurina, haƙora sun zube, ba abin da yake iya ci sai burodi da shayi. To a watan nan sai ya daina ci. Wai burodin leda yana gumi, in na sa a firji kuma wai ya mutu. Har wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Da na lallaɓa shi ya kwatanta mini akwatin da suke sa burodi a zamaninsu, na rubuta a littafina na ajin yaƙi da jahilci: na ƙarfe, murfi mai turawa sama, ƙananan ƙofofi a baya. Maganar ƙofofin nan sau uku ya maimaita.

Mu huɗu aka matse a bayan motar haya. Hanya lafiya lau har Orozo, mata na jera doya a bakin titi. A Nyanya kuwa muka tsaya cak. Masu talla na ta bi tsakanin motoci, wata ta miƙo burodi ta taga. Na ƙura wa ledar ido, sai ga ɗigon ruwa a ciki kamar raɓa. Shekara nawa ina sayen burodi ban taɓa lura ba. Ashe Baba ba rigimar tsufa yake yi ba.

Mun fara da kasuwar Garki. Wani Bakano mai kayan kicin ya sauko mana da robobi kala-kala, yana rantsuwa ko iska ba ta shiga cikinsu. Na ce ai iskar muke so ta shiga. Ya dube ni, ya dubi 'yata, kamar yana tambayarta ko lafiyata ƙalau. Tsadarsu ma, ɗaya ta kai kuɗin burodin wata guda. Sai can layin 'yan gwanjo wata mata 'yar Filato ta gane kwatancen. Ta ce ta taɓa samun guda ɗaya, ya daɗe ba mai tayawa, ƙarshe wani mai gyaran jikin mota a Apo ya ɗauka.

Ban taɓa shiga wurin makanikan Apo ba. Gari ne guda. Ƙofofin mota a jingine kamar faranti, injina a ƙasa, ƙasar kanta ta yi baƙi da mai. Kowa oga ne, mai kira oga, wanda ake kira ma oga. Duk wanda muka tambaya sai ya ce, "Mama, wane mota ne?" Muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, yajin ya sa ni hawaye, amma mai abincin ce ta nuna mana layin masu buga jikin mota.

A rumfa ta biyar na hango akwatin a ƙarƙashin benci, ya lotsa a gefe, cike da notuna da kusoshi. Mai wurin wani dattijo ne Bakatsine. Da farko ya ce ba na sayarwa ba ne. Da ya ji labarin Baba sai ya jawo bokiti ya juye kusoshin. Muka daidaita ba ja-in-ja. Ya ce mu je mu yi azahar, kafin mu dawo zai buga lotsawar.

Da muka dawo akwati ya miƙe sumul. Na juya bayansa. Ba ƙofa ko ɗaya. Ya shafe su duka da irin abin da suke cike ramin jikin mota.

"Hajiya, tsatsa ta huhhuda bayan, na toshe miki," in ji shi, yana murmushi. "Yanzu ko tururuwa ba ta shiga."

'Yata ta buɗe baki, na dafa hannunta. Mutumin alheri ya yi niyya. Na buɗe littafina na nuna masa layin ƙarshe. Na ce, "Malam, ba tsatsa ba ce. Ta nan burodin yake shan iska. Saboda su muka taso tun asuba."

Ya karanta a hankali, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce shekara talatin yana toshe rami, yau ne aka fara cewa ya mayar. Ya kankare abin tas, ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya da ƙusa har haske ya leƙo ta kowace.

Mun iso gida dab da magariba. Washegari na wanke akwatin da toka da ruwan zafi har sau uku, na shanya. Da na ajiye wa Baba a cinya bai ko buɗe ba, bayansa ya fara lalubawa da yatsa. Sannan ya tura murfin, ya yi ƙara, ya sake turawa. Ya ce a cire burodi daga leda, a naɗe da farin ƙyalle mai tsabta.

Tafiyar nan ta koya mini in riƙa tambaya kafin in gyara. Ni ma abin da Bakatsinen ya yi nake ta yi wa Baba, ina ƙulle leda, ina gani gata nake masa.

Ranar Litinin da safe ya ci yanka uku. Ya turo mini kofin ya ce, "Burodi ya yi. Saura shayin, uwata, ke ma ba ki iya ba."