Jita a Buhun Gero

In damina ta yi nisa a ƙauyenmu na gefen Cadawa, a ɗakin girki kakata Iya Tabawa take tara mu, don tsakar gida ya jiƙe. Itacen ɗanye, hayaƙi na cin ido, amma wa zai tashi? Ni take fara tsokana.

"Kai maigidan, miji ba ko goro, matso ka hura mini wuta. To, ga ta nan tafe."

"Ta iso, Iya!"

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wani mai gurmi. Da ruwa ya sauka sai fatar gurminsa ta saki, muryar ta dishe kamar ta mai mura. Wata tsohuwa ta ce ya binne shi cikin rumbu, gero zai shanye danshin. Ya yi, gurmi ya warke. Amma kullum sai an ɗebi na tuwo, gero na yin ƙasa, har ranar da ya leƙa ya tarar da gurmi kwance a gindin rumbu, fumfuna ta ci fatar.

"To sai ya yi yaya, Iya?"

"Sai ya ci tuwonsa mana. Ta ƙare, kowa tabarmarsa."

Haushi nake ji, wallahi. Wace irin tatsuniya ce ba aljani, ba mai ceto?

Yau ga ni a Gazawa, ɗakin haya ɗaya nake kwana da ƴan kabu-kabu. Jitata ce abincina, da ita nake bin bukukuwa bayan girbi. Ruwa na tsattsafowa ta bango, jiƙaƙƙun riguna rataye ko'ina. Na tuna Iya, na ɗauko buhun gero daga gida na cusa jitar ciki. Ta zauna lafiya lau.

Sai ruwa ya ci hanya, babura suka tsaya. Ilu, babban ɗakinmu, ya tsuguna gabana yana kallon ƙasa.

"Malam Sani, tiya ɗaya kawai. Yaran nan tun jiya ba su sa komai a ciki ba."

Na auna masa geron. Ni ma da ni aka sha kunun. Tiya ɗaya ta koma ta kullum.

Jiya muka zazzage buhun. Wuyan jita ya lanƙwashe, gam ya saki, tsirkiya duk tsatsa. Ba ni da wata, ba ni da mai gyara. Ashe Iya ba rowa ta yi mana ba. Watan da gurmi ke neman gero, shi ne watan da ciki ke nemansa, kuma ta san wanda ake ba.

Na kaɗa jitar, sai wani kuka mara daɗi. Ilu ya miƙo mini ludayi, na jingine ta a bango na karɓa.