Inna Jumma ta rasu, an kankare ƙwaryarta

Yaya Hajo, sauke tulun nan ki ji. Yanzun nan mai kawo itace ya gaya min Inna Jumma ta rasu. Inna dai ta rugar bayan Gwiwa, mai kawo mana nono. Innalillahi.

Kin ga yadda yaron nan nawa ya yi da damina. Kashin jini. Babansa ya kai shi ɗakin magani a Kazaure, aka ba shi ƙwayar Turawa, jinin ya tsaya. To amma cikin bai dawo ba. Ya sha kunu, kunun ya fita yadda ya shiga. Hannu kamar sillen kara.

Inna ce ta taɓa cikin, ta ce maganin ya share shi ne tas, ya kori mugu ya haɗa da na kirki. Wai akwai waɗansu masu rai a cikin mutum, ido ba ya ganinsu, su ke taya ciki aiki har abinci ya zama jiki. Ni dai ban gane ba. Sai ta riƙa ba shi kindirmon tsohuwar ƙwaryarta, wadda kullum ake barin ɗigon jiya a ciki ya kama madarar yau. Wai masu ran nan suna cikin kindirmon, su za su baƙunci cikinsa su zauna.

Tana ba shi tana tsokanarsa, wai maigida ya sha, ita ba ta zama da ramammen miji.

Har fa ya fara kumatu.

Ran kasuwar da ta wuce ta zo tana tari. Ta riƙe min hannu ta ce, "'Yar nan, kar ki yanke masa tukuna. Baƙin ba su gama zama ba."

Yanzu an ce matan rugar sun kankare ƙorenta da yashi da ruwan zafi, don a raba. 'Ya'yanta kuma za su tsallaka iyaka da shanun, zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, kafin masu jangali su zo.

Kindirmon da ya rage min bai cika ludayi ba, ya ma fara tsinkewa. Kuma da asuba zanin goyon nan ya jiƙe da zawo, irin na da.

Yaya, in akuyarki tana da nono, ki tatso min kafin rana ta yi zafi, in zuba ragowar a ciki, ko zai kama.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya sanyaya makwancinta. Ki gaya wa matan gidanku su sa ta a addu'a. Yaron ma su sa shi.