Ranar da Kawu Ya Tura Ni Bakura

Jiya iska ta kaɗo warin mushe daga bayan kasuwar Mafara, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Sana'arsa bin garuruwa yana tattaro labari, ya kai wa fatake da mahauta. Shi ya koya mini ita.

Shekarar annobar shanu na zo masa da gudu, na ce garkunan Bakura sun fara zubewa, wani mutumin Maradun ya faɗa mini a bakin rijiya. Bai dubi fuskata ba, ƙafafuna ya duba.

"Babu lakar Bakura. Ji ka yi, ba gani ba. Tafi ka gano."

"Kawu, Inna na kwance, ko kunu ba ta iya haɗiyewa."

"Ƙanwata ce kafin ta zama uwarka. Tafi."

Na je na tsaya cikin mushen shanu, ƙudaje na shiga mini baki. Kafin in dawo an binne Inna. A zauren makoki, da ƙasar kabarinta a bakin rigarsa, ya matso ya ce, "To, mi ka gani?"

Allah ya jiƙansa. Allah ya sa masu tambayar kabari su fi shi tausayi.