Tofin da Na Ƙi Yi wa Zoben Tsuntsu

A gefen unguwarmu, inda gidajen Suleja ke ƙarewa a kama hanyar Maje, akwai wani tafki da ba ya ƙafewa ko da bazara. Da can gonakin rake ne suka kewaye shi. Yanzu bulo ne da kwano, sai ɗan bakin ruwa ta gabas da har yau yake da taɓo da ciyawa. Nan nake zuwa bayan sallar asuba, in zauna a kan wani dutse in ƙarasa lazimina har rana ta fito. A lokacin ni ne limamin ɗan masallacin unguwar, kuma ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake yi a bakin ruwa.

'Yata ce ta jawo ni cikin sha'anin tsuntsaye. Tana aiki a Abuja, tana kuma cikin wasu mutane masu bin tafkuna suna lura da tsuntsayen da ke zuwa mana da sanyi. Wata shekara ta zo hutu ta raka ni tafkin, ta miƙo mini madubin hangen nesa ta ce in duba wani ɗan tsuntsu da ke kaɗa bindi a bakin taɓo. Na san balbela, na san zalɓe da kirinjijiya, amma wannan ban san sunansa ba, ko da yake na daɗe ina ganin irinsa. Bayansa toka-toka ne, cikinsa fari. Da madubin ya daidaita sai na ga zobe a ƙafafunsa, ɗaya na ƙarfe, ɗaya rawaya mai baƙaƙen boko. Ta ce mutanen wata ƙasa mai nisa ne suka sa masa, domin duk wanda ya gan shi ya faɗi inda ya gan shi, a san hanyar da yake bi. Wato wannan ɗan abin ya ƙetare teku da hamada ya sauka a bayan gidana. Na yi kabbara, na sake dubawa.

Ta bar mini madubin. Aikin da ta ba ni ba shi da wuya: in sanyi ya shigo in duba su wa suka sauka, in kuwa na ga mai zobe in karanta baƙaƙen in aika mata saƙon murya a waya. Ni ajami na taso da shi, boko sai da na manyanta na taɓa, don haka baƙaƙen nan nakan bi su a hankali kamar sabon shiga a gaban allo. Da zafi ya kama, tsuntsun ya tafi. Da sanyi ya dawo sai ga shi a bakin taɓon nan dai, da zobensa.

Ana haka wani ɗan kwangila ya gina babban gida a ɗaya gaɓar, daidai inda nake fuskanta in na zauna. Mutumin kirki ne, shi ya sa wa masallacinmu fanka da tayil. Bai daɗe da tarewa ba uwargidansa ta kwanta ciwo, ana ta kai da kawo tsakanin asibitoci, aikinsa kuma ya tsaya. Sai wani daga cikin gidan ya ɗauki hoton tsuntsun da waya, ya buɗa hoton, aka ga rubutu a ƙafarsa. A wurinmu kowa ya san labarin kaza ko tattabara da ake ɗaura wa laya a ƙafa a jefa gidan mutum. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. An aiko tsuntsu da sammu, kuma ga wani dattijo da ke zama kullum yana kallon gidan da madubi, leɓensa na motsi, in ya gama ya yi magana ƙasa-ƙasa a waya.

Iyalina ce ta fara kawo mini maganar daga wajen niƙa. Na yi dariya. Sai na lura masu kawo mini yara tofi sun ɗauke ƙafa, sahun asuba kuma ya fara raguwa.

Wata rana bayan la'asar dattawan masallaci suka ce in ɗan dakata. Mai gidan yana nan, idanunsa jajur saboda jinya. Na faɗa musu duk abin da na sani, daga 'yata har zuwa ƙasar da aka sa zoben. Na miƙa wa mai gidan madubin na ce mu je ya gani da idonsa. Ya janye hannunsa.

"Malam, ni ban ce kai ne ba," in ji shi. "Amma duk tsuntsayen tafkin nan, me ya sa sai mai rubutu a ƙafa kake wa gadi?"

Na ce saboda shi kaɗai ne zan iya shaidawa in ya dawo, sauran duk kamarsu ɗaya. Aka tashi a kan za a sake zama washegari.

Ladanmu abokina ne tun muna makarantar allo. Ya raka ni gida yana faɗa, ya ce tsufa ya zo mini da gardama, ga mutane na neman aljanna ni ina neman ƙafar tsuntsu. Da muka kai ƙofar gida sai ya kawo shawararsa. A sa maharba su ɗana tarko su kama tsuntsun, a cire zoben a kawo mini a gaban jama'a, in tofa masa addu'a a binne. Hankalin mai gida ya kwanta, baki ya mutu, ni kuma in ci gaba da limancina.

"Tofi nawa ka yi a rayuwarka, Liman? Ƙara ɗaya mana. Ba a ce ka yi kafirci ba."

Ban raina shawarar ba. Na so wurin nan na gaban sahu. Mahaifina ya tsaya a cikinsa kafin ni, tun masallacin yana na ƙasa, kuma na daɗe ina fatan in tsaya a nan har ranar da za a ɗauke ni. Na yi ta juya maganar, amma duk ta inda na ɗauko ta, wuri ɗaya take faɗuwa.

Da aka sake zama, ladan ya gabatar da shawarar kamar daga gare ni ta fito, dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Na bari ya gama, sannan na ce ba zan yi ba. Na ce wa mai gidan, maras lafiyarsa zan yi mata addu'a yau da gobe, in ya yarda in je har asibiti. Amma zoben nan ba zan tofa masa komai ba.

"In na tofa masa, na shaida a gabanku cewa akwai sihiri a cikinsa, ni kuwa na san babu. Ba zan buɗe baki da sunan Allah a kan ƙarya ba. Kuma in na yi yau, gobe ɗan wani zai yi zazzaɓi ku tafi neman kazar maƙwabcinsa."

Wani dattijo da ya girme ni ya ce to ai tafkin ma zan iya bari, ko na ɗan lokaci. Na ce in na bari yanzu, na amsa laifin ke nan. Sai ya ce mutane ba za su iya bin limamin da zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba. Na ce gaskiya ya faɗa, haka muka karanta, kuma ba zan tsaya gaban mutanen da ba sa so na ba. Akwai wani malamin makaranta, mutumin Zariya, da ke haya a layinmu, karatunsa mai kyau. Da aka kira magariba na kama hannunsa na tura shi gaba. Ya yi ta noƙewa yana cewa, "Baba, a gabanka?" Na ce bismilla, na koma sahu na ɗaura niyya a bayansa.

Sauran sanyin nan ban tashi daga bakin tafki da fitowar rana kamar da ba. Nakan zauna har hantsi ya ɗaga, in koma bayan azahar. Na ga masu tarko sun zo sun yi ta zagaye, amma ba wanda ya iya ɗana shi a gaban furfurata. Da zafi ya shigo, tsuntsun ya tashi a lokacinsa, da ƙafafunsa biyu da zobensa.

Matar ɗan kwangilar ta samu sauƙi daga baya, na je na yi musu barka. Wasu suka ce ai tun da aka sauke ni ta fara tashi. Ban bi kowa da bayani ba.

Bara dattawa suka aiko ladan ya ce abin ya wuce, in dawo gaba, sai dai in rage zuwa bakin ruwa don a rufe bakin mutane. Na ce ya gode musu, ya kuma shaida musu sallata a bayan malamin makaranta ba ta da wani aibu. Ya ce ni dai ba a iya mini. Na ce haka ne, in suna nemana bayan asuba sun san dutsen da nake zama.