Kuɓewata a Kan Hanyar Keke

Shekarar da muka baro Kakangi saboda ɓarayin daji, damina ɗaya bayan rasuwar maigidana, aka gyara filin shaƙatawa na bayan unguwarmu a Birnin Gwari. Aka zuba kujerun siminti a ƙarƙashin dalbejiya, aka ɗaura wa yara lilo. A gefen matakala kuma sai ga wani gangare, sumul, yana fuskantar rana.

Ni dai ban shiga aji ba, amma ba a yi mini bayanin abu sau biyu. Kallo ɗaya na gane: wurin shanya ne. Har albarka na sa wa gwamnati, na ce yau an tuna da mata.

Ina da kuɓewa, ta ƙarshe da ɗana ya yi kasada ya tsinko a gonarmu, ita ce miyata har wata damina. Na yanka, na baza ta daga sama har ƙasa, na zauna gadi da kara saboda awaki.

Sai ga maƙwabciyata, Bagwariya da shan inna ya kama tun tana goye, tana tuƙa kekenta da hannu. Tun da aka yi filin, daga waje take leƙensa.

Ta ce, "Iya, kwashe, zan shiga."

"Ki dawo jibi, ta bushe."

"Iya, hanyarmu ce fa. Don masu keke aka yi."

Na ce, "Ke tafi can! Wa ya taɓa ganin hanya babu rami a ƙasar nan?"

Ta ja baya, ta ɗauko gudu, ta hau. Ashe kuɓewar ɗanya ce shar. Tana kaiwa tsakiya yauƙi ya kama taya, keke ya fara sulalowa baya, ga kwata a ƙasa. Na yar da kara, na dafa bayanta, ina turi ina salati, ina tattake miyata da ƙafafuna, har muka kai sama.

Ta zagaya dalbejiya tana dariya. "Iya, da bakinki kika tura, da tuni mun kai garin Dogon Dawa."

Miyar kuka muka sha har ruwa ya sauka. Baƙi kuwa na ce musu likita ne ya hana ni yauƙi.

Mai gadin filin, wanda ya ga komai ranar ya yi ta ƙyaƙyata mini dariya, ya rasu, Allah ya jiƙansa duk da haka. Cikin waɗanda suka san labarin, saura ni, da ɗana, da ita mai keken, wadda ta zama kaka yanzu.